Baƙuwar Da Ta Zo Ba Takarda

Duk wanda ya riƙe alƙalami da Hausa a shekarun 1990 ya san lokacin da kyamara ta shigo gidan marubuta ta yi zaman amarya, littafi ya koma uwargida. Tun daga 1990, da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano, marubuta suka shiga kwashe labaransu daga takarda suna zubawa a kaset. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, aka yi fim ɗin Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, aka yi na Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Da aka kai 1999, shekarar da Sangaya ya fito, mujallar Fim kuma ta shiga kasuwa, da wuya ka sami mai rubutu, komai ƙanƙantarsa, wanda bai taɓa kwanciya yana raba wa abokansa matsayi a cikin labarinsa ba, wane shi ne Sarki, wance ita ce Gimbiya.

Mu ma a Kafinsoli wannan iska ta kaɗa mu. Kafinsoli dai, ga wanda bai san ta ba, gari ne a ƙasar Kankiya ta Jihar Katsina, wanda ma'aikatan gona suka fi kowa saninsa saboda gonar gwaji da aka yi a nan tun zamanin Turawa. Mu tara ne a lokacin, 'yar ƙungiyar da ba ta da ko hatimi: malaman firamare huɗu, malamin Turanci na sakandare ɗaya, malamin asibiti, ɗan tireda, da mata biyu, ɗayarsu tela ce, ita ce kuma ma'ajiyarmu. Muna da wasan kwaikwayo da muka rubuta da hannu, mun kuma nuna shi sau uku a filin makaranta. Buga shi littafi sai an je Kano, in ma an buga masu saye kaɗan ne, alhali gidan kallo kullum dare cike yake. Masu ɗaukar biki da ke yawo da Panasonic mai cin kaset ɗin VHS a kafaɗa kuwa, kuɗin yininsu ya fi ƙarfin aljihunmu idan aka ce za a yi mako biyu ana aiki.

Ana nan, a hunturun 2002, sai wani ɗan garinmu mai safarar motoci daga Kwatano ya zo mana da labari. Ya ce ya ga wata kyamara a wurin masu sayar da kayan gwanjo na Turai, irin ta gidan talabijin, a cikin akwatinta na goran ruwa. Akwai gilashinta, akwai batir ɗaya, akwai kaset uku. Amma babu caja, babu waya, babu littafin bayani, shi kansa mai kayan bai taɓa ganin ta a kunne ba, shi ya sa ya karya kuɗinta. Cinikin biri a sama ne, mai sayarwa bai ɓoye ba, mu ma mun san da haka muka shiga. Abin da muka tara ya kai kuɗin bijimi da ɗoriya. Malamai suka ba da albashi, ɗan tireda ya taɓa uwar kuɗi, ita kuwa tela kwasar adashenta ta kawo gaba ɗaya, wadda ta yi niyyar sayen sabon keken ɗinki da ita.

Ranar da akwatin ya iso muka buɗe shi a zauren malamin Turanci, muka yi shiru kamar an kawo gawa. Sony ce, an rubuta Betacam SP a gefenta, nauyinta ya kusa kilo 7. A jikinta akwai ragowar wata takarda da aka kankare, da 'yan kalmomin Jamusanci. Maɓallai da makunnai kuwa, wani ya ƙirga ya wuce arba'in ya gaji. Wasu a fili, wasu a bayan 'yan ƙofofi, kowanne da guntun rubutu a kansa. Ƙaramin cikinmu ya ce a yanko wayar rediyo a cusa mata a jona a bango mu gani. Tela ta harare shi, ta ce duk wanda ya kusanci wannan abu da waya sai ya fara biyan ta keken ɗinkinta. A nan muka yanke hukuncin farko, wanda har yau muna ganin shi ne ya tsare mana dukiya: ba mai ba ta wuta sai an san irin wutar da take ci, da ƙofar da take ci ta nan.

Mai karatu zai ce ai abin mai sauƙi ne, a tambaya mana. To, a tambayi wa? Wayar hannu a 2001 ta shigo Nijeriya, a lokacin da muke magana kuwa a manyan birane take. Intanet sai dai mu ji a rediyo. Littafin da kamfani ya buga mata yana can a wata durowa a Jamus. Abin da ya rage mana shi ne wani dattijo mai gyaran rediyo a Kankiya, wanda ya yi aikin waya a soja lokacin yaƙin basasa, Allah Ya jiƙansa. Muka ɗauki akwatin a mota muka kai masa.

"Baba, barka da aiki. Baƙuwa muka kawo maka."

Ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya goge hannunsa da tsumma kafin ya taɓa ta.

"Samari, wannan ai 'yar sarki ce. Ina takardarta?"

"Ba ta da ita, Baba. Haka ta zo."

"To, sai mu tambaye ta da kanta. Amma ku sani, ba ta amsa wa mai gaggawa."

Yinin farko Baba bai taɓa waya ba, karatu kawai aka yi. Ya kifa ta a kan tabarma, ya nuna wa malamin Turanci wani ɗan faranti a ƙarƙashinta ya ce ya karanta masa duk abin da ke kai, har da lambobi. A nan muka ga bolt 12, da alamar wutar batir, wato wutar da ke tafiya hanya ɗaya. Wutar bango a ƙasarmu bolt 230 ce, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, da an jona mata ita da kafin ƙiftawar ido an gama. Muka kuma ga lambar samfurinta ta ƙare da harafin P. Baba ya ce wannan harafi shi kaɗai ya kai rabin kuɗin da muka biya. Dalili kuwa, duniyar talabijin ta wancan zamani a rabe take. Amurka da Japan suna kan tsarin NTSC mai layi 525 da hoto kusan 30 a daƙiƙa, mu da Ingila da Jamus muna kan PAL mai layi 625 da hoto 25. Da daga Amurka baƙuwar ta fito, ko ta tashi lafiya, akwatunan talabijin na gidajenmu da bidiyon gidan kallo ba za su karɓi hotonta yadda ya kamata ba.

Batirin da ta zo da shi dogo ne fale-fale, kamar an daddanne bulo. Mita ta nuna ba komai a cikinsa. Baba ya fasa shi muka ga ƙananan batura goma a jere, kowanne bolt 1.2, duk sun yi farin gishiri saboda tsufa. Ya ce wannan ya riga mu gidan gaskiya, amma ya bar wasiyya, domin goma sau 1.2 sha biyu ke nan, magana ɗaya da farantin.

A bayan kyamarar akwai wani zagayayyen rami mai ƙafafu huɗu na ƙarfe, an rubuta DC IN a kansa. Ta nan take cin wuta idan ba batir. Matsalar ita ce wace ƙafa ce ta kan tarawa, wace ce ta kan ɗebewa, domin wutar batir ba ta yafe juyi, idan aka ba ta a baibai tana iya ƙona abin da duk Jihar Katsina ba mai sayar da shi. Ƙafa huɗu, waya biyu. Malamin lissafi a cikinmu ya ce hanyoyin haɗawa sha biyu ne, ɗaya ce kawai daidai. Tela ta ce ya daina wannan lissafi yana tayar mata da hankali.

Yadda Baba ya yi tambayar nan ya burge mu ƙwarai. Ya juya mitarsa zuwa wurin da take nuna ko abu biyu a haɗe suke, ya ɗora tsinke ɗaya a kan ƙarfen jikin kyamarar, ya riƙa taɓa ƙafafun da ɗayan. Ƙafa guda ce kaɗai ta sa allura ta miƙe har ƙarshe. Ya ce a irin waɗannan na'urori jiki shi ne kan ɗebewa, saboda haka an sami ɗaya. Da aka haska tocila aka sa tabarau, sai ga 'yan lambobi ƙanana kamar ƙwayar gero a gindin ƙafafun, wadda ta amsa ita ce ta 1. Bai tsaya nan ba. Ya kwance sukurori huɗu ya ɗaga murfin baya, muka leƙa muka ga ƙafa ta 2 da ta 3 ba waya a jikinsu, ta 4 kuwa jar waya ce ta fita daga gare ta. Ya koma gidan batir, inda aka buga alamar tarawa da ta ɗebewa a jikin roba, ya gwada kan ɗebewar da ƙafa ta 1, nan ma allura ta amsa. Shaida uku ke nan. Ya ce ko alƙali biyu yake nema, amma dukiyar mutane ce, a ƙara ɗaya. Daga baya muka ji cewa wannan ƙa'ida ce a kusan duk manyan kyamarori, ta 1 ɗebewa, ta 4 tarawa, abin da layi ɗaya a littafi zai faɗa, mu ya ci mana yini.

Filogin da ke shiga ramin nan babu shi a Kankiya, babu shi a Kusada. Baba ya ciro 'yan bututun tagulla biyu daga gindin wata tsohuwar rediyo mai fitila, ya like musu waya da dalma, ya sa musu rigar robar bawul ɗin keke don kada su taɓa juna. Tela ta ciro jan zare daga jakarta ta naɗe wa ta kan tarawa, ta ƙulle tam. Batir kuwa wani direban Fijo mai jigilar Kankiya zuwa Kano ya ara mana. Ya so a jona a jikin motar tana aiki, Baba ya ƙi, ya ce idan inji yana juyawa wutar takan haura 14, tana kuma tsalle, a sauko da shi ƙasa. Aka auna, 12.6, cikakke. Sa'an nan ya jera abu biyu a kan jar wayar: fis mai amfiya 3, da ƙwan babbar fitilar mota. Muka tambayi amfanin ƙwan. Ya ce ɗan aike ne. Idan akwai inda wuta ta haɗe a cikin kyamarar, ƙwan zai haska fes ya shanye wutar, ita ta tsira. Idan lafiya take, ɗan ja kawai zai yi.

Bayan la'asar aka kunna. Mu tara, da Baba, da yaron shagonsa, da direba, da wasu da ba mu san lokacin da suka taru ba. Baba ya yi bisimilla ya tura makunnin. Ƙwan ya yi wal, zukatanmu suka faɗi, sai kuma ya lafa ya koma ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe. Wani abu ya yi ƙas a ciki. Ɗan allon da ke gefenta ya kawo haske, lambobi suka fito. Ba wanda ya yi magana. Baba ya sa hancinsa kusa da ita yana shinshina, ya ɗora tafin hannu a kowane gefe yana neman zafi, ya bar ta minti biyar, ya kashe. Ya cire ƙwan daga layi ya bar fis, ya sake kunnawa, sa'an nan ya ce wa malamin asibiti ya sa ido a maleƙa. Malamin ya leƙa ya ce yana ganin ratsi-ratsi a tsaye, fari da toka-toka da baƙi. Aka tura wani makunni daga BARS zuwa CAM, sai ya yi tsalle ya ce ga yaron shago yana sakace. Amma fa baƙi da fari.

Wannan baƙi da fari ya hana wasunmu barci. Washegari aka ɗauko akwatin talabijin mai kala da ɗan janareta, Baba ya haɗa waya daga ramin da aka rubuta VIDEO OUT, aka mayar da makunnin kan BARS. Sai ga launuka takwas sun jeru kamar a shagon 'yan yadi, tela tana kiran sunayensu: fari, ruwan ɗorawa, ruwan sararin samaniya, tsanwa, shunayya, ja, shuɗi, baƙi. Ashe maleƙar ce aka yi ta baƙi da fari da gangan, domin ido ya fi gane kaifin hoto a haka. Kala tana nan lafiya lau.

Daga nan aikin ya tashi daga hannun Baba ya dawo hannunmu, ya kuma zama aikin harshe. Malaminmu na Turanci ya san kowace kalma da ke jikin kyamarar, amma ko ɗaya ba ta yi masa amfani ba. ZEBRA, in ji ƙamus, jakin dawa ne. GAIN riba ce. IRIS wani fure ne, ko kuma zoben ƙwayar ido. SLACK kuwa malalaci, ko abin da ya yi sako-sako. Mene ne haɗin jakin dawa da riba da ɗaukar hoto? Sai muka sayi littafin rubutu mai shafi 40, muka kafa doka: maɓalli ɗaya za a taɓa a lokaci ɗaya, a rubuta inda aka same shi, a rubuta abin da ya canja a talabijin, a mayar da shi inda yake kafin a taɓa na gaba. Da haka muka gane jakin dawa wasu zane-zane ne da ke rawa a cikin maleƙa a duk inda haske ya kai wani mataki, muka sa masa suna zanen gargaɗi. Riba kuwa ƙarin haske ne na dole idan wuri ya yi duhu, yana zuwa da yayyafi a hoto, muka kira shi hasken bashi, tunda sai an biya da tsabtar hoto. An yi musu a kan wannan suna har aka kusa ɓatawa, wani yana cewa zolaya ce ba fassara ba. Sunan dai ya zauna, domin duk wanda aka gaya wa sau ɗaya ba ya mantawa.

Akwai wani ɗan faifai a gaba mai lamba 1 zuwa 4. Da muka fita da ita rana yana kan 1, duk duniya ta koma shuɗiya, har jar ƙasar bakin kasuwa. Lamba 1 ta hasken ƙwan fitila ce, an rubuta 3200 a gefenta, na rana kuwa 5600 ne, wasu da ƙarin duhun gilashi saboda tsananin haske. Ita kyamara ba ta san fari ba sai an nuna mata, a cika mata ido da farin abu a danna wani maɓalli, daga nan ta auna sauran launuka. Mun gwada da farar takarda, mun gwada da farar shaddar liman da aka wanke da bula. Da shaddar, fuskokin mutane suka yi ja-ja kamar an shafa musu man ja, saboda ta ɗauki shuɗin bula a matsayin fari ta rage shi daga komai. Tela ce ta gano dalilin, ta kuma ce a rubuta cewa ita ta gano. An rubuta.

A nan ne muka ga wani giɓi da ya shafe mu mu marubuta. Kowannenmu yana iya cika shafi goma da yadda saurayi ya ji da ya hango budurwa a bakin rijiya, amma da aka ce a rubuta yadda ake sa kaset a fitar da shi, yadda wanda bai taɓa gani ba zai karanta ya yi daidai, sai alƙalami ya tsaya. Wanne za a fara faɗa? Hagun wa ake nufi, na mai riƙe da ita ko na mai kallon ta? "A ɗan danna" da "a danna a riƙe" ba ɗaya ba ne, bambancinsu kuma yana iya tsinka kaset. Magabata ba su raina irin wannan rubutu ba. Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne kuma ya zauna da Rupert East suka yi Ikon Allah don bayyana kimiyya da Hausa. A 1990 an fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tsara, amma nazarin harshe da adabi ya fuskanta. Mai gyaran rediyo da makanike da mai injin ban-ruwa an bar su da kansu, suna ta narka kalmomin Turanci a baki, ba mai rubuta musu. A ganinmu shafi ɗaya na bayani da mutum zai bi ya tayar da inji bai ƙona shi ba ya fi wuyar rubutu a kan babi guda na soyayya, domin shi inji ba ya yi wa marubuci kara.

Saura ɓangaren kaset, wanda ya fi ko'ina haɗari, don a nan ne abubuwa ke motsi. Kafin a sa komai Baba ya buɗe gefenta ya nuna mana wata ganga mai sheƙi da ke juyawa, wadda hed ɗin ke jikinta. Ya jiƙa 'yar farar takarda da sifirit, ya dafa ta a jikin gangar, ya juya ta da yatsa a hankali. Ya gargaɗe mu kada a kuskura a goga sama da ƙasa, hed ɗin ya fi ƙaya siranta, karyewa zai yi. Takardar ta fito da baƙi. Ya goge robar da ke matse zaren kaset, ya ce ta fara tauri amma za ta kai mu. Ya ƙara da cewa ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarta, a ɗinka mata riga. Tela ta ɗinka, da tsohon kekenta.

Muka zaɓi kaset ɗin da ya fi tsufa muka ce shi ne na sadaka. Ta haɗiye shi, muka ji tana jan zaren tana naɗa wa gangar, amma da aka danna maɓallin ɗauka sai ta ƙi. Aka fitar, aka juya shi, aka ga wani ɗan jan toshi a bayansa an danna shi ciki. Makulli ne da masu shi na farko suka sa don kada a goge musu aiki. Aka turo shi waje, aka mayar, jar fitila ta kama. Lambobin da ke allon gefe suka fara gudu, awa, minti, daƙiƙa, da wasu biyu na ƙarshe masu saurin tsiya. Ɗan tireda ya zura musu ido ya ce ba sa wuce 24 suke komawa sifili. Hoto 25 a daƙiƙa ke nan, harafin P bai yi ƙarya ba.

Tun ranar da muka ga girman ƙofar kaset ɗin mun san ba VHS take ci ba, amma sai a wannan gwaji muka ga abin da hakan ke nufi a aljihu. Zaren Betacam yana gudun fiye da santimita 10 a daƙiƙa, na VHS bai kai biyu da rabi ba. Wannan gudu shi ne sirrin kyan hotonta, shi ne kuma ya sa kaset ɗaya minti 36 kacal yake ɗauka. Bugu da ƙari, abin da ta ɗauka a maleƙa kawai take nuna shi, baƙi da fari, ganin kalarsa sai an sami babbar na'urar kunnawa irin ta gidajen talabijin. Wasanmu kuwa awa biyu ne, ban da maimaici. Dabarar da muka yi ita ce mu bar ta ta zama ido kawai: waya ta fita daga gare ta zuwa bidiyon VHS da ke kan tebur, shi ya riƙa naɗa. Hoton ya ragu, amma duk da haka ya fi na masu ɗaukar biki nesa ba kusa ba. Don yawo kuma muka sayo a Kano ƙaramin batir mai bolt 12 irin na na'urar riƙe wa kwamfuta wuta, aka rataya shi a jakar makaranta, yana ba mu sama da awa biyu.

Kaset biyu masu kyau suka rage, aka shiga gardamar abin da ya cancance su. Wasu suka ce fitowar Sarki a wasanmu, wasu suka ce hawan salla. Tela ta saurara har aka gama, sa'an nan ta ce kakarta ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage a unguwarsu da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma tun da siminti da injin niƙa suka zo ba wadda ta koya. Ta ce wasanmu a rubuce yake, ko bayan shekara goma ana iya sake shi. Ba wanda ya sami amsa.

Muka je da hantsi, lokacin da haske bai yi tsanani ba. Tsohuwar tana zaune a gindin ɗaki da mazari a hannu. Ta dubi ƙanin tela, wanda ya saɓo kyamarar yana nishi.

"Kai maigida, mi ka ɗauko haka kamar za ka harbi giwa?"

"Hotonki za mu ɗauka, Kaka, har da muryarki."

"To ka ce kishiya ka yi mani. Matso da ita in gan ta."

Ta leƙa cikin gilashin ta ga fuskarta 'yar mitsitsiya, ta gyara ɗankwali. Da farko ta yi ta dariya tana cewa waƙar daɓe ba a yin ta a zaune, ba a kuma yin ta mutum ɗaya. Sai maƙwabta tsofaffi biyu suka shigo, aka nemo madaɓi a bayan rumbu, suka durƙusa suna buga ƙasa, ita tana bayarwa suna amshi. Kaset na farko ya ƙare ba mu ankara ba. A na biyu ta yi na niƙa, ta yi tatsuniya ɗaya, ta kuma lissafa sunayen matan da ta koya a wurinsu, har da garuruwan da aka auro su. Muna tsaye muna kallon fitilar batir, muna addu'ar kada ta fara ƙiftawa.

Gwaji na ƙarshe a Kano aka yi shi, bayan mako uku. Mu uku muka je, muka sami wani ɗakin tace finafinai mai na'urar Betacam, ana biya da awa. Ma'aikacin ya karɓi kaset ɗin yana tambayar daga wane gidan talabijin muke. Da muka ce daga Kafinsoli, ya ɗago ya sake duban mu. Ya tura kaset, allon ya yi rawa sau biyu, ya tsaya. Sai ga Kaka, da zanenta saƙi mai shuɗin baba, da jan goro a leɓenta, har ƙurar da madaɓi ke tayarwa ana gani ɗaya-ɗaya a cikin hasken rana. Wani ɗan farin layi yakan gifta jefi-jefi, ya ce tsufan zare ne, ba laifin hed ba. Murya ta fita tas, har da kukan kaza. Tela ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Ma'aikacin ya ga littafinmu a hannun malamin Turanci ya karɓa yana dubawa. Ya yi dariya a kan hasken bashi, ya ce daga yau shi ma haka zai riƙa gaya wa yaransa. Ya tambaye mu ko mun lura zanen gargaɗi yana fitowa a kan riga da bango amma ba ya fitowa a fuskokinmu. Muka ce yana shafi na 17. Ya ce an saba saita shi a kashi 70 cikin 100 na haske, daidai fuskar Bature, don haka mai ɗaukar baƙar fata da idonsa zai auna, kada ya jira zane. Ya kuma ce fitilar HUMID da ba mu taɓa ganin ta kama ba, mu jira damina, idan ta kama a cire kaset a bar ta a kunne har raɓar da ke kan ganga ta bushe. Muka rubuta a nan take. Ya juye mana kaset biyun a VHS, ya roƙi mu bar shi ya yi hoton littafin a shagon da ke ƙasa.

Wasan namu ya fita a ƙarshen shekarar, ya zaga gidajen kallo na Kankiya da Kusada, ya mayar da abin da ya mayar, tela ta sayi kekenta a 2003. Kaka ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Kyamarar ta yi mana aiki shekara huɗu kafin ƙananan kyamarori masu kaset ɗin DV su cika kasuwa, su ma daga baya kati da wayar hannu suka ture su. Waƙoƙin mun juye su daga VHS zuwa faifan CD, daga nan zuwa waya, jikokin tsohuwar suna tura wa juna. Kaset biyun na asali suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin tela, tare da littafin. Shafi 38 muka cika. A shafin farko akwai zanen da'ira da ɗigo huɗu, da guntun jan zare da aka manne da gam a kan na huɗun.